Tiyatar buɗe magudanar hawaye: aikin ya yi kyau, bayanin jinya ne ya gaza

Duk wanda idonsa ke zubar da hawaye ba tare da kuka ba, har kwantsa na taruwa a lungun ido, to tiyatar buɗe wa hawaye hanya zuwa hanci, wadda likitoci ke kira DCR, aiki ce da ta cancanci ya yi tunani a kanta da gaske. An yi mini ita a sashen ido na wani asibiti, kuma na gamsu da sakamakon, duk da cewa akwai ɓangaren hidimar da ban ji daɗinsa ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda aka binciki matsalar kafin a ambaci wuƙa. Likitan ya bayyana mini cewa hawaye na shiga ta wasu ƙananan ƙofofi biyu da ke gefen fatar ido, su taru a wata 'yar jaka kusa da karan hanci, sannan su gangara ta magudana zuwa cikin hanci, wanda shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ya ɗura ruwan gishiri ta ƙofar ƙasa da siririn sirinji, ya ce idan hanyar a buɗe take zan ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro. Ban ji komai ba, ruwan ma ta ƙofar sama ya dawo haɗe da mugunya. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin bushewar ido ko sakin fatar ido su ma suna jawo zubar hawaye, kuma tiyatar nan ba za ta magance su ba.

Aikin kansa ba gyaran tsohuwar magudanar ba ne. Ana huda ƙashin da ke tsakanin jakar hawaye da hanci, a buɗe sabuwar hanya sama da inda ya toshe, sannan a zura siririyar robar silikon don kada ramin ya rufe yayin warkewa. An ba ni zaɓi tsakanin a bi ta cikin hanci da na'urar hangen ciki, ko a yi ɗan yanka a gefen karan hanci, wato tsohuwar hanyar da wani likitan Italiya mai suna Toti ya bayyana tun 1904. Na zaɓi ta waje bayan an nuna mini cewa kusan mutum 9 cikin 10 na samun sauƙi da ita, kuma tabon kan dishe cikin watanni. An tambaye ni dalla-dalla ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, an sa ni barci, kuma aikin bai wuce kamar awa guda ba.

Inda hidimar ta yi rauni shi ne wajen sallama. An ba ni maganin ɗigawa a ido da na feshin hanci, an ce kada in fyace majina har mako 2, in guji abin sha mai zafi da farko saboda haɓo, in riƙa ɗaga kai da matashi idan zan kwanta. Duk wannan daidai ne. Amma babu wanda ya gaya mini cewa hawaye na iya ci gaba da zuba matuƙar robar na ciki, tun da ita kanta ta cike wani ɓangare na hanyar. Mutumin da ya jure kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin ido, sannan ya ga hawayen da ya zo dominsu ba su tsaya ba, dole hankalinsa ya tashi, ya ɗauka aikin ya lalace. Haka kuma ba a faɗa mini cewa robar na iya zamowa ta leƙo a lungun ido kamar zobe ba, da cewa idan hakan ta faru ba a janta, sai dai a manne ta da filasta a gefen hanci a koma asibiti. Bayani ne da bai fi minti biyar ba, kuma ya kamata a rubuta shi a takarda, domin wanda bai gama farfaɗowa daga maganin barci ba ba zai riƙe jawabin baki ba.

Cire ɗinki da cire robar duk a ɗakin duba marasa lafiya aka yi su, babu wani zafi na a zo a gani. Bayan fitar robar ne idon ya daina zuba, kumburin lungun ido bai sake dawowa ba, sai dai nakan ji iska na fita ta wajen idan na fyace hanci da ƙarfi, abin da likitan ya tabbatar mini ba matsala ba ne.

Ina ba babba mai irin wannan lalura shawarar ya yi aikin, amma kafin a sallame shi ya nemi a rubuta masa tsawon lokacin da robar za ta zauna, da alamomin da za su sa ya dawo da gaggawa, kamar haɓon da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ko raguwar gani. Jarirai kuwa lamarinsu daban ne, domin yawancinsu magudanar kan buɗe da kanta kafin su cika shekara 1, tare da tausar lungun ido da likita zai koya wa iyaye.