Kemis ɗin Baba Saje da ke Kurna

Shekara shida ke nan ina sayen maganin hawan jinin mahaifina a wani ƙaramin kemis da ke unguwar Kurna a Kano, ba nisa da barikin Bukavu. Marigayi Baba Saje ne ya buɗe shi bayan ya yi ritaya. Ma'aikacin jinya ne na soja, da shi aka je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990.

Mahaifina ma tsohon soja ne, ya daɗe yana firgita cikin dare. Baba Saje bai taɓa miƙa masa ƙwayar barci ba. Sai ya zaunar da shi kan benci, ya zuba masa shayi, ya ce, "Yaya, ina labarin daren jiya?" Da abin ya tsananta, shi da kansa ya tare adaidaita ya raka shi asibitin Dawanau ganin likitan ƙwaƙwalwa. Allah Ya jiƙan Baba Saje.

Yanzu babban ɗansa ke riƙe da shagon. Farashi da sauƙi, kuma yana nuna maka ranar lalacewar magani kafin ka biya. Wurin dai ƙarami ne, ana kuma rufewa da magariba, don marigayin ba ya cin tuwon dare sai da iyalinsa, ɗan bai canza ba. Bencin na nan, tsofaffin sojoji na haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar.