Telan da ya ɗinka wa 'yan sikawut ɗinmu kaki, da rigimar da ta biyo baya

Tun bayan faretin ranar yara ake ta tambayata wai a ina muka yi ɗinkin kakin yaranmu, wasu ta WhatsApp wasu in mun haɗu a kasuwa, har wani malami daga wajen Taura ya kira ni da daddare yana cewa shi ma a haɗa shi da telan. To na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, da mai daɗin da mara daɗin, don kar gobe wani ya kai aiki ransa ya ɓaci ya ce ni na tura shi. Suna dai ba zan kama ba, wani ɗan shago ne na langa-langa a nan ƙasar Ringim, keke uku ne a ciki, biyu Butterfly na ƙafa, ɗaya na wuta wanda ya zama wajen ajiye yadi don rabonsu da wuta har sun manta.

In kana sauri ga maganar: riga da wando kai masa kawai, ba za ka yi da-na-sani ba. Baji kuwa, wato tambarin sikawut da ake maƙalawa a riga, kar ka kuskura. Cika alkawari kuma, to, tela ne dai.

Amma sai na faɗi yadda aka yi har muka je wajensa, don ba haka kawai muka je ba, faɗa ne ya kai mu. Ni malamin firamare ne, sikawut ɗin nan aikin sa kai muke yi ba mai ba mu ko sisi, hasali ma daga aljihunmu muke cikawa. Mu bakwai ne muke riƙe da yara a makarantun ƙauyukan nan, muna da ɗan kwamitinmu da guruf na WhatsApp. Babbanmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, Baba Malam muke ce masa, kuma wallahi shi ya koya wa yawancinmu ɗaurin igiya da kafa tanti da yadda ake ɗaure karaya da ƙyallen wuya, ba wanda zai raina masa. To shi ne ya kawo doka a mitin cewa duk yaron da ba shi da cikakken kaki, riga da wando da sikaf na wuya da hula da belet da safa da baƙin takalmi, ba zai shiga fareti ba, kuma duka a je birni a sayo a wuri ɗaya don launi ya zo iri ɗaya. Aka ɗaga hannu, biyar suka yarda, ni da wani abokina muka ƙi.

Ba wai ba shi da hujja ba fa. Ya ce amfanin kaki shi ne in yara sun jeru ba ka gane ɗan maigari da ɗan mai ga-ruwa, wanda gaskiya ne haka aka gina abin tun asali. Ya ce ku dubi 'yan agaji in sun fito wajen wa'azi ko filin idi, fes da su, guga kamar ta yanke ka, shi ya sa yara ke gudu can, mu kuma mu fito kowa da kalarsa kamar 'yan tashe? Na ce Baba Malam Allah ya ƙara girma, ni yara 32 gare ni, na bi gida gida, iyaye shida ne kawai suka ce za su iya kuɗin na birni. Watan Mayu ne, kowa hankalinsa na kan taki da iri, ga shi a 2025 ranar yara 27 ga wata ta faɗo saura kwana goma babbar sallah, mutum na tunanin rago da kayan sallar yara ka zo masa da maganar safa? Na ƙara da cewa shi kansa Baden-Powell da ya kafa abin, sansanin farko da ya yi a tsibirin Brownsea can Ingila a 1907, yara wajen ashirin ya tara 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, kuma babu kaki, ɗan ƙyalle mai launi aka maƙala wa kowa a kafaɗa don a gane rukuninsa. Baba Malam ya ce to ai mu ba a 1907 muke ba. Aka yi dariya aka tashi, doka ta zauna.

Ni kuma na bi ta bayan fage, na amsa laifina. Na tara abin da ya samu daga iyaye da wasu masu taimako, na shiga motar Kano na je Kantin Kwari na yanko yadi mai ɗan kauri wanda ya fi kusa da launin kakinmu, na kawo wa telan nan.

Abin da ya fara burge ni awo. Ranar Asabar na kwaso yaran muka cika ƙofar shagon, ya sa benci a waje yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, tef a wuya alli a bayan kunne, kowane yaro sai ya sa shi ya ɗaga hannu sama ya tsuguna ya miƙe kafin ya rubuta. Na ce Malam tela ai ba angwaye ba ne, ya ce Malam ba ka ce za su yi maci ba, wandon da yaro zai ɗaga ƙafa a ciki ai ba irin na zaman ɗaurin aure ba ne. Ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar kowane wando, kusan yatsa huɗu, ya ce yaro ai kamar dawa yake da damina, baɗi sai a warware a sake. Ƙugu kuma ya sa roba a baya ya bar gaba da maɓalli da hancin belet, ko yaro ba shi da belet wando ba zai zame ba. Wannan dabarar ban taɓa ganinta a na birni ba. Aljihun ƙirji biyu masu marfi sun zauna daidai, abin kafaɗa ma ya fito, kwala ce dai ta ɗan yi laushi don bai sa mata abin tauri sosai ba.

Kuɗin ɗinki 3,500 ya yi mana riga da wando, in ka haɗa da yadi bai kai rabin abin da aka ce mana a birni ba. Amma abin da ya fi kuɗin shi ne haƙurinsa. Bai matsa sai an ba shi kafin alƙalami mai yawa ba, ya buɗe littafi na musamman ya rubuta sunan kowane yaro, uba ya kawo ɗari biyar yau ya kawo dubu ranar kasuwa, yana ragewa. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, riɗi ta aiko da shi a kwano, ya karɓa ya yi masa kuɗi ya rubuta ba tare da ya ɓata fuska ba. Ni dai a nan ya gama saye ni.

Yanzu ga inda ya ba ni haushi. Ashe labari ya kai wa Baba Malam, ya hau mashin ɗinsa ya je shagon ba na nan, bai ce a daina ɗinki ba, a'a, cewa ya yi tunda dai an nace to a yi shi yadda yake, gajeren wando, don shi tun yana yaro haka ya ga sikawut, kuma tun da abin ya shigo Nijeriya a 1915 da gajeren wando da doguwar safa aka san shi. Tela ya ce to ranka ya daɗe. Ya sa almakashi ya yanka guda biyar gajeru kafin yaron shagonsa ya zo ya gaya mini. Haba jama'a, wanda ya kawo maka yadi ya ba ka awo yana nan da ransa, lambarsa na cikin littafinka, ka kira mana? Da na je cewa ya yi Malam dattijo ne fa, shi ya koyar da ni a aji huɗu, ya zan ce masa a'a. Na gane, amma aiki aiki ne. Yaran nan wasunsu shekara 13 zuwa 14 ne, suna zuwa islamiyya an koya musu al'aura daga cibiya zuwa gwiwa, ba uban da zai biya kuɗi a ɗinka wa ɗansa abin da ba zai shiga masallaci da shi ba, kuma da ma da yawa sun yarda ne don wandon zai yi musu amfani bayan fareti.

Wannan yankan ya sa yadi ya kasa, sai da na aika aka ƙaro, wanda aka ƙaro kuma ba daga bandir ɗaya ba ne, a shago ba ka ganewa amma a rana wando biyar sun fi sauran haske. Ka ga abin da Baba Malam ke tsoro na bambancin launi ya faru, kuma shi ya jawo shi, amma wa zai faɗa masa.

Baji kuwa a nan dattijon da ya ce a sayo a birni ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari, ni na yi kuskure. Tela ya ce yana da wani mai aikin surfani da zai fitar mana da tambarin sikawut na duniya da araha, na yarda. Wanda ya san tambarin ya san shi, fili shunayya ne, furen nan mai kai uku fari a tsakiya da taurari biyu, igiya ta zagaye shi an ƙulle ta a ƙasa da ƙullin da muke koya wa yara a makon farko. Abin da aka kawo mana shuɗi ne, furen ya koma kamar kan albasa, igiyar ba ƙulli, taurari babu. Yara da kansu suka dinga dariya. Na biya rabin kuɗin don kar a yi rigima na zuba su a leda, daga baya muka samo na gaskiya guda goma ta hannun wani malami aka ba manyan yara. Don Allah baji a nemo shi ta hanyar ƙungiya, ba abin da tela zai kwaikwaya ba ne.

Alkawari kuma ya ce 20 ga wata, muka koma ya ce jibi, jibi ya ce gobe, shago ya cika da shaddodin sallah har rufi. Daren 26 a shagon na kusa kwana. Fitilar sola ɗaya a rataye, shi yana kan keke yana ta taka, yaransa biyu suna sa maɓalli, ni da na zo karɓar kaya na koma mai fifita gawayi a dutsen guga, zafin Mayu ga zafin dutse, gumi har cikin ido. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ya ɗaga riga ta ƙarshe ya kakkaɓe zare ya ce Malam ƙirga, na ƙirga 32 cif. Ya cika dai, amma sai da ya tsufar da ni.

Ranar fareti an sake yin wata a bakin fili. Mutum biyu cikin kwamiti suka ce doka doka ce, yarana ba hula ba baƙin takalmi, wasu ma silifas ne a ƙafarsu, kar su shiga. Abokina ya ce in ba su shiga ba shi ma zai janye nasa. Aka yi ta ja-in-ja ana rage murya don kar yara su ji, su kuwa suna tsaye a rana sun ƙame da sikaf a wuya, zoben sikaf ɗin ma da ƙyar muka yi shi, tsohon tiyo muka yayyanka. Ƙarshe Baba Malam ya zagaya su a hankali, ya ja aljihun wani yaro ya ga ɗinki bai motsa ba, ya duba kalmasar wando, bai ce komai a kai ba, ya ce a sa su a layin baya. Layin baya ma ai fili ne, suka shiga.

Bayan wanki wajen sau shida ga abin da na gani. Ɗinki bai farke ko ɗaya ba har a tsakanin ƙafa inda aka fi samun matsala, yadin farko ya riƙe launinsa, na biyun ya ƙara koɗewa. Maɓallai ne suka dinga zubewa, aikin yaran shago ne na tsakar dare, duk wanda zai karɓi kaya ya sa a ƙara musu zare a gida. Zif bai sa ba ko ɗaya, ya ce na kasuwa yanzu ba sa kwana biyu, kuma na ga gaskiyarsa.

Guruf ɗinmu kam har yau bai huce ba. Daga maganar kaki an tsallaka an koma gaisuwar hannun hagu, wani ya ce shi ba zai koya wa yaro miƙa wa babba hagu ba ko me littafi ya ce, wani ya ce ai tsakanin 'yan sikawut ne kawai ake yi. An shigo da maganar 'yan mata, don akwai guda tara a makarantarmu da ke ta naci, na tambayi telan ya ce zai iya doguwar riga har gwiwa da wando da hijabi, sikaf ya hau sama. Sai wani ya turo labarin Amurka cewa sun fara ɗaukar mata cikin sikawut ɗin maza a 2019 har daga baya suka canza wa ƙungiyar suna, wai mu ma can za a kai mu. Na ce Malam ina ruwan Amurka da yara tara da malama mace za ta riƙe su daban? Ba a amsa mini ba. Baba Malam ya fita daga guruf sau biyu, sau biyu ana zuwa har gida a ba shi haƙuri a mayar da shi, ni ma na je na durƙusa na ce a yafe mini tsallake mitin da na yi, amma ban janye maganata a kan dokar ba, shi ma bai janye ba.

Wanda zai kai aiki ya kai wata biyu kafin lokaci kuma ya kauce wa gabanin sallah, ya sayi yadi da rara daga bandir ɗaya, sannan ya gaya masa ƙarara mutum ɗaya ne mai magana a kan ɗinkin. Gajerun wandunan nan biyar har yanzu suna rataye a igiyar shagon sun yi ƙura, kwamiti ya ce ba shi ya sa a yanka ba, Baba Malam ba mai iya tunkararsa da maganar, ni kuma duk ranar da na wuce ta gaban shagon sai tela ya leƙo ya ce Malam, waɗannan fa wa zai biya?