Takunkumin roba mai filta P100: abin da na gani bayan wata shida

Sana'ata ita ce gyaran tsofaffin gine-gine, kuma duk wanda ya taɓa sauke silin ko kwanon rufi na asbestos, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ake haɗawa a kayan gini, ya san farar ƙurar nan da ke tashi da zarar allo ya tsage. Na yi shekaru ina aiki a cikinta da takunkumin takarda, ina ganin na kare kaina, alhali zaren asbestos ƙanƙanta gare shi har ido ba ya ganinsa, kuma yana bi ta gefen hanci da kumatu inda takarda ba ta kama fata ba. Wata shida ke nan da na koma amfani da takunkumin roba mai rufe hanci da baki, wanda ake maƙala wa filta biyu samfurin P100.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da muhimmanci shi ne yadda wannan ƙura take cutar da mutum ba tare da ta yi masa kashedi ba. Zaren yana maƙalewa a huhu, jiki ya kasa narkar da shi, sai bayan shekara 20 ko 30, wani lokacin ma fiye, a ga mutum ya fara haki da busasshen tari. Yana haddasa taurin huhu da ake kira asbestosis, da sankarar huhu, da kuma mesothelioma, wato sankarar fatar da ke lulluɓe da huhu, wadda har yau ba a cika warkewa daga gare ta ba. Ga mai shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake yi. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya tun 1999, amma har yanzu mutum kusan 5,000 ne ke mutuwa a can duk shekara sakamakon ƙurar da suka shaƙa tun da daɗewa, kuma kafintoci da masu aikin famfo da na lantarki suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ta fuskar aiki, takunkumin ya gamsar da ni. Filtar P100, wadda aka fi sani da launin hoda mai duhu, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura, kuma kwatankwacinta a tsarin Turai ita ce P3. Kafin na shiga ɗaki nakan ɗora tafukan hannuna a kan filtocin biyu, na ja numfashi a hankali. Idan robar ta lotsa ta manne da fuskata, na san babu kafar da iska take shiga. Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma shi ne ya nuna mini cewa girman da na fara saya ya yi mini yawa, dole na koma matsakaici. Ranar farko da na cire shi da yamma na ga toka-toka a bayan filtocin, hancina kuwa fes, sai jikina ya yi sanyi da na tuna inda wannan ƙura take zuwa a da.

Yana da nasa wahalar. Idan ana zafi gumi yakan taru a haɓa, robar tana barin shaida a karan hanci, kuma sai ka ɗaga murya kafin abokin aiki ya ji ka. Babban batu shi ne gemu, domin ko ɗan gashin kwana biyu yana hana robar zama daram, don haka mai gemu yana bukatar irin mai hula da ke hura iska da batir.

Inda nake jin tsoro shi ne kada wani ya saka shi ya ɗauka an gama. Ƙarfin kariyarsa a ƙa'idar Amurka shi ne rage abin da ake shaƙa sau 10, ƙa'idar da ta ƙayyade cewa kada ƙurar da ma'aikaci ke shaƙa ta wuce zare 0.1 a kowace santimita kubik ta iska a aikin awa 8, kuma injin yanka a kan busasshen allo yana iya tayar da ƙurar da ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Saboda haka muna jiƙa allo da ruwa, mu kwance shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, ba ma shara da tsintsiya, kuma tufafin aikin ba sa bin mu gida, domin an sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta hanyar wanki. Asbestos mai rugurgujewa da ke naɗe da bututun zafi kuwa ba na taɓa shi, aikin ƙwararru ne masu lasisi.

Ina ba duk magini da lebura shawarar ya mallaki nasa takunkumin, ya gwada girmansa kafin ya biya kuɗi. Ni dai shi nake cirewa a ƙarshe, bayan na tuɓe rigar aiki, sannan na goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, filtocin da suka gama aiki kuma na ɗaure su a leda tare da sauran sharar asbestos.