Wasiƙa daga Virginia: mutum uku a mota ɗaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kuma ƙarfin jikin Inna? Saƙon muryar da ka turo mini ranar Litinin sau biyu na saurare shi. Ka ce kana idar da sallar asuba ka kama hanya daga Mararaba zuwa cikin Abuja, amma har takwas da rabi ba ka wuce Kugbo ba, kuma ina jiyo hon ɗin motoci a bayan muryarka. Ka tambaye ni ko mu ma a Amurka muna shan irin wannan wahala. Wallahi muna sha. Sai dai akwai wata dabara da na tarar a nan wadda ta daɗe tana cina a rai, na ce bari in zauna in rubuta maka ita a tsanake.

Garin da nake, Woodbridge, shi ne Mararabar Washington. Haya a cikin birni ta fi ƙarfin ma'aikaci irina, don haka muke kwana a nan jihar Virginia, mu wayi gari mu yi arewa, tafiyar mil 20 da ɗoriya. Hanyar da muke bi ana ce mata I-95, wadda ta taso tun daga Florida har Maine, idan an zo Springfield sai a hau I-395 a shiga birni. Kwalta sumul, ba rami, ba ɗan acaɓa, ba mai talla, ba shingen jami'ai. Duk da haka da safe in ka iso gadar kogin Occoquan sai ka ga jajayen fitilun birki iya ganinka. Watannina na farko a motata nake zuwa ni kaɗai, wata rana in ci sa'a ɗaya da rabi a hanya, in je kuma in biya kuɗin ajiye mota mai zafi a cikin birni. In ka leƙa motocin da ke gefenka, kusan kowace mutum ɗaya ne a ciki, ga kujeru huɗu fayau.

A tsakiyar hanyar nan akwai wasu sahu na dabam da aka katange da siminti. Da safe motocin cikinsu suna fuskantar birni, da rana a rufe ƙofofi masu sanduna irin na mahaɗar jirgin ƙasa, a juya su, da yamma su fuskanci gida. Wato hanya ɗaya tana aiki biyu, tana bin inda jama'a suka nufa. Tun 1969 aka fara keɓe wa bas sahu a wannan hanya, a 1973 aka bar ƙananan motoci masu ɗauke da mutum huɗu su shiga, daga baya aka rage zuwa uku. A Disambar 2014 wani kamfanin Ostireliya mai suna Transurban ya buɗe tsarin da ake kai yanzu: in ku uku ne a mota kun shiga kyauta, in kai kaɗai ne ko ku biyu sai ka biya. Ba a tsayar da kowa kamar tolget ɗinmu na da. Wata 'yar na'ura ce ake mannawa a gilashin gaba, E-ZPass Flex, ita ke cire kuɗin daga asusunka kana tafe. Tana da makunni a jiki, in kun cika uku ka tura shi gefe, shi ke nan ba a taɓa maka ko sisi.

Daga nan mutane suka ƙirƙiro abin da na fi so in ba ka labari. Wani maƙwabcina ɗan Zangon Kumasi, Hausarsa rangaɗau, shi ya fara kai ni. Akwai wani makeken filin ajiye motoci a Horner Road, kyauta ne. Muka isa wajen shida saura, lokacin hunturu, numfashi na fita kamar hayaƙi. Na ga mutane sun yi layi tsit, wasu da kakin soja, wasu da kwat, mata da jakunkuna a kafaɗa. Mota ta tsaya, wata dattijuwa ta sauke gilashi ta ce wa na gaban layi, "Pentagon, biyu." Wato mutum biyu take nema masu zuwa Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka. Shi kuma ya juyo ya ɗaga murya ya maimaita. Maƙwabcina ya taɓa ni, muka shiga. Ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Ta tura makunnin na'urarta, muka faɗa sahun tsakiya, muna wuce dubban motoci a tsaye ta bayan katanga. Cikin kusan rabin sa'a muka sauka. Na sa hannu a aljihu zan ba ta wani abu, maƙwabcina ya riƙe mini hannu. Ya ce a nan ba a biya, ba ni gishiri in ba ka manda ne: ita ta tsira da kuɗin hanya da lokacinta, mu mun tsira da kuɗin mota. Godiya kawai ake yi a rufe ƙofa.

Suna kiran masu tsayawa a layin "slug". An ce direbobin bas ne suka laƙaba musu, da sunan jabun kwabon da ake jefa musu a akwatin kuɗi, saboda sai su ga mutane a tasha su tsaya, ashe ba fasinjojinsu ba ne. Ba hukumar da ta kafa abin, ba kwamisho, ba ƙungiya, amma yana da ladubba da kowa ya sani. Ba ka fara hira sai direba ya fara. Ba ka cin abinci, ba ka dogon waya, ba ka cewa a canza rediyo, ba a zancen addini ko siyasa. In motar ba ta kwanta maka ba kana iya cewa na bayanka ya shiga, ba mai jin haushi. Kuma ba a tafiya a bar mace ita kaɗai a layi. Shekarar korona, 2020, abin ya kusa mutuwa, amma da aka koma ofisoshi layukan sun fara farfaɗowa.

Da na ga haka sai na tuna ai mu ma muna yi. Ma'aikatan da ke ɗaukar mutane a gadar Nyanya don su rage kuɗin mai, musamman tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, ai abin da suke yi ke nan. Bambancin shi ne a wurinmu wanda ya cika motarsa da mutum biyar da wanda ya taho shi kaɗai a jif, layi ɗaya suke bi, azaba ɗaya suke sha. Ba abin da mai ɗaukar mutane ya samu na saurin isa. Ga kuma tsoron 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, wanda ya sa ni kaina nake roƙon ka ka daina shiga motar da ba ka sani ba bayan magariba. A nan abin da ke riƙe da tsarin aminci ne: lambar mota tana da mai ita, kyamarori na ko'ina, yawancin masu layin ma'aikatan gwamnati ne da ke ganin fuskokin juna kullum.

Doka ma tana da haƙora. 'Yan sandan jiha suna fakewa a gefen sahun suna ƙirga kawuna. Wanda ya tura makunni alhali shi kaɗai ne, tarar farko dala 125 ce, ta biyu 250, ta uku 500, ta huɗu 1,000, kuma ba zancen "Oga a yi haƙuri".

Amma kada ka ɗauka komai na tsarin ya burge ni. Kuɗin da mai tafiya shi kaɗai ke biya ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka daidai da yawan motoci, ana rubuta shi a allunan lantarki kafin mashiga. Manufar ita ce in sahun ya fara cika a tsauwala kuɗin har wasu su haƙura, don motocin ciki su ci gaba da gudu. Da idona na ga ya haura dala 30. A wata hanyar, I-66, makon da aka fara karɓar kuɗi a Disambar 2017 ya kai dala 40 na tafiyar mil 10. Mai hali ko a jikinsa. Amma mai gyaran famfo ko matar da ke aikin jinya a gidajen tsofaffi, waɗanda aikinsu ba wuri ɗaya ba ne kuma ba lokaci ɗaya ba, ba su iya bin layin Horner Road, ba su iya biya. Su ne ke tsaye a bayan katanga suna kallo. Wannan yana damuna ƙwarai, don yawancin 'yan uwanmu baƙi irin aikin da suke yi ke nan.

Ka ce fatanka a gama faɗaɗa hanyar Keffi ku huta. Allah ya sa, amma ina da shakka. A Houston ta jihar Texas an kashe kusan dala biliyan 2.8 an faɗaɗa Katy Freeway, aka gama a 2008, har wani wurin ya kai sahu 26 in an haɗa da na gefe. 'Yan shekaru kaɗan cunkoso ya dawo. Dalilin a fili yake: hanya na yin sauƙi, wanda yake bin bas ya sayi mota, wanda yake kusa ya koma nesa inda fili ke da araha. Kai ma shaida ne, da Mararaba ce ƙarshen gari, yanzu mutane daga Masaka suke tasowa, har da Keffi.

Wani ƙaramin abu kuma da ke da babban amfani: ma'aikatar sufurin jihar tana da motocin sintiri masu kai ɗauki kyauta. Tayata ta taɓa fashewa kusa da Lorton da yamma, ko minti ashirin ban yi ba wani ya tsaya a bayana da fitilu, ya jera robobin gargaɗi, ya canza mini taya, ya ce in yi maza in bar wurin. Sun gane cewa mota ɗaya da ta lalace tana iya tsayar da gari. Ka tuna tirelar da ta kwana biyu a kan hanya lokacin da na zo hutu? Akwai kuma jirgin ƙasa na ma'aikata, VRE, tun 1992, yana tsayawa a garinmu, ga bas-bas na OmniRide da ke bin sahun tsakiya. Jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018 kuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa ya nufa, ku da kuka fi kowa yawa a gabas ba ku samu ba.

Da ni ake tambaya, da na ce a ware sahu ɗaya tak daga Mararaba zuwa mahaɗar AYA a Asokoro, daga shida zuwa tara na safe, ba mai shiga sai manyan bas da motar da ta cika, kuma kada a sa kuɗi don kada a sayar wa masu hali. Legas ta keɓe wa bas sahu tun 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, ba abin da ya gagara ba ne. A yi wuraren lodi a gefe masu rajista, inda za a san direba a san lambarsa, a daina lodi a tsakiyar titi. Masu kasuwar bakin hanya a ba su wuri kusa da wuraren lodin, kada a kore su kawai, abincinsu ke nan. Abin da nake tsoro ɗaya ne, ranar farko masu jiniya su fara cika sahun.

Kafin nan, ka duba a layinku ko masallacinku, ba za a rasa mutum uku da ke aiki wajen Sakatariya ba. Ku riƙa karɓa-karɓa da mota, yau taka gobe ta wani. Ba zai rage maka zaman hanya ba, amma zai rage kuɗin mai, kuma ka san da wa kake tafe. Ka faɗa mini nawa kake kashewa a mako yanzu, in ga abin da zan iya ƙarawa a saƙon ƙarshen wata.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana wurin wanda zai taho bayan sallah. A shafa mini kan yara.

Ƙaninka.