Zotero: mahaɗin da ke kai ka daidai shafin da kake nema

Duk ɗalibin da ke rubuta kundin mastar ya san wannan wahala. Ka kwafo magana daga wata takardar PDF, bayan an kwana biyu malamin da ke duba aikinka ya ce: «Wannan daga wane shafi ta fito?» Sai ka shiga laluben fayiloli masu suna kusan iri ɗaya. Wannan matsalar ce Zotero, manhajar tara takardun bincike da tsara su, ta raba ni da ita a karatuna a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma saboda ita nake yaba manhajar.

Kyauta ce. An fara ta a 2006 a Jami'ar George Mason ta Amurka, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma akwai ta da Faransanci. Tun daga Zotero 6 da ta fito a 2022, a cikinta ake karanta PDF, ba sai an buɗe wata manhaja ba.

Ga yadda nake yi. Ina cikin karatu, in na ga jimlar da ta yi mini, sai in shafa mata launin rawaya, in ja ta zuwa bayanan da nake tarawa a gefe. Jimlar kan zo da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, da mahaɗin da ke mayar da kai ga takardar. In na danna ta, fayil ɗin ya buɗe a kan shafin, layin da na shafa yana gabana. Babu buƙatar intanet, tunda takardar tana cikin na'urar. Ga wanda ke aiki a watan Afrilu, kuran ya ɗauke, rezo yana zuwa yana komawa, batir kaɗai ya rage, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda ta fi burge ni shi ne tsakanin na'urori biyu. A wurin aiki Windows muke da ita, a gida kuma tsohuwar kwamfutata Ubuntu ke kanta, wani nau'in Linux. Mahaɗi na yau da kullum adireshin fayil yake riƙewa, irin wanda ke farawa da C:, shi kuwa Linux bai san wannan adireshi ba, don haka mahaɗin ba ya buɗuwa. Na Zotero yana farawa da zotero://open-pdf, kuma lambar shaidar takardar yake ɗauke da ita, haruffa da lambobi guda 8, tare da lambar shafi. Ko a wace na'ura, Zotero ce ke neman inda fayil ɗin yake. Abin da na shafa da rana a ofis, shi nake tararwa da dare a gida, muddin na bar na'urorin biyu sun daidaita bayanansu lokacin da akwai rezo.

Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani tun farko. Ma'ajiyar kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet megabait 300 ce ga fayiloli, kuma tsofaffin kundaye da aka ɗauka a hoto suna da nauyi, kaɗan ne za su cika ta. Irin waɗannan kundayen kuma ba a iya shafa musu launi layi-layi, don hoto ne ba rubutu ba. Sai dai ka zana akwati a kan wurin, mahaɗin zai mayar da kai can. Launukan ma ba a jikin PDF suke zaune ba, suna cikin rumbun bayanan Zotero. In za ka tura wa malam takardar ta WhatsApp, sai ka fitar da ita tare da alamominta, in ba haka ba fara tas za ta isa gare shi.

Mai amfani da na'ura biyu ya bari Zotero ta kwafi fayil ɗin cikin ma'ajiyarta. In ya zaɓi haɗa shi kawai daga inda yake, fayil ɗin ba ya bin sa zuwa ɗaya na'urar.