Tsohon Littafin Sinai a Cikin Wayata: Wata Uku da Shafin Codex Sinaiticus

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ajin baftisma a majami'armu, kuma tambayar da ta kai ni shafin intanet na Codex Sinaiticus wata yarinya ce 'yar sakandare ta yi mini ita ana cikin damina. Ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Malam, wai gaskiya ne Sarki Kustantin ne ya tara bishop-bishop a Nikiya, suka zaɓi littattafan da suka ga dama, suka ƙone sauran?" Na ce mata ba haka aka yi ba. Taron Nikiya na shekarar 325 ya zauna ne a kan rigimar Ariyus game da allahntakar Almasihu da kuma ranar da za a riƙa yin Ista, bai fitar da jerin littattafai ba. Ta gyaɗa kai don ladabi, amma na ga idonta bai gamsu ba. Magana ce ta baki da baki, tawa da ta wanda ya faɗa mata a makaranta, kuma babu abin da zan ɗora a gabanta ta gani da kanta.

Ɗan ƙanwata da ke karatun tauhidi shi ya turo mini adireshin: codexsinaiticus.org. Ya ce, "Kawu, buɗe ka ga Littafi Mai Tsarki da aka rubuta da hannu a ƙarnin da ake wannan gardama." Yau wata uku ke nan ina shiga, galibi bayan sallar isha'i ta maƙwabtana, lokacin da unguwa ta yi shiru kuma intanet ya ɗan saki.

Ga abin da Codex Sinaiticus yake. Wani kundi ne na Helenanci da aka kwafa a kan fatar dabba a tsakiyar ƙarni na huɗu, kuma shi ne mafi tsufan cikakken Sabon Alkawari da ya rage a duniya. Ya daɗe a gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sinai. A 1844 wani Bajamushe mai suna Tishendof ya tafi da ganye 43 zuwa Laifzig, a 1859 mafi yawan sauran suka tafi Rasha, a 1933 kuma gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila da su a kan fam 100,000. Yanzu ganye 347 suna babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, wasu guntaye suna San Fitasbag, sannan a 1975 sufayen suka ci karo da wasu ganyen a wani ɗaki na gidansu. Waɗannan wurare huɗu ne suka haɗa kai suka ɗauki hoton kowane shafi, kuma tun 2009 kowa na iya gani. Ba kuɗi, ba rajista. Littafin da ya watse ƙasa huɗu ya sake haɗuwa wuri ɗaya, har ya iso hannun malamin aji irina.

Tsarin shafin mai sauƙi ne. Ka zaɓi littafi da sura da aya, sai hoton ganyen ya fito a gefe guda, a ɗaya gefen kuma rubutun da aka sake bugawa harafi da harafi yadda yake a fatar. Akwai hoto iri biyu: na haske sosai, da wanda aka haska daga gefe. Wannan na biyun shi ya fi kama ni. A cikinsa kana ganin tudu da kwarin fatar, da layukan da magatakarda ya shata da tsinke kafin ya ɗora alƙalami, da inda aka kankare kuskure. Na girma ina ganin alarammomi suna rubuta Alƙur'ani da hannu, baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, ganye a kan ganye a cikin gafaka. Da na ga jan tawada a gefen Bisharu, inda aka sa lambobin da Yusibiyus na Kaisariya ya ƙirƙiro don a gane wuraren da Matiyu da Markus da Luka da Yahaya suka ba da labari ɗaya, sai aikin ya zama mini sananne. Mutum ne ya tanƙwashe ƙafa ya yi shi, da ciwon baya da gajiyar ido.

Rubutun kansa duk manyan haruffa ne, a manne, babu tazara tsakanin kalma da kalma. Shafi ɗaya ginshiƙi huɗu, ban da littattafan waƙa irin su Zabura da aka yi wa biyu. Sunayen Allah da Ubangiji da Yesu da Almasihu ba a rubuta su cikakku ba, harafi biyu ne kawai da ɗan layi a kai. Ko ba ka jin Helenanci, cikin minti goma za ka fara tsinto su da ido, kuma yaran ajina sun mai da abin kamar gasa.

Wurin da na fara nema shi ne ƙarshen Markus. Na san a littattafanmu na yanzu akan sa ɗan bayani cewa ayoyi 9 zuwa 20 na sura 16 babu su a waɗansu tsofaffin kwafi, amma karanta bayani daban, gani daban. Ga matan sun fito daga kabari suna rawar jiki, ba su faɗa wa kowa kome ba, domin suna jin tsoro. Nan magatakardan ya tsaya. Ya yi ɗan ado da alƙalami, ya rubuta sunan littafin, ya bar sauran ginshiƙin fari fat, Luka ya fara a saman na gaba. Na daɗe ina kallon wannan farin wuri. Daga nan na duba Yahaya, labarin matar da aka kama da zina babu shi, daga 7:52 sai 8:12. A farkon Markus ma, kalmomin "Ɗan Allah" ba hannun farko ne ya rubuta su ba, mai gyara ne ya ƙara su a saman layi, kuma shafin yana nuna maka wane ne hannun farko, wane ne na gyara.

Irin wannan gyara dubbai ne a cikin kundin, yawancinsu na harafi ne ko kalmar da ido ya tsallake. Abin da ya sa nake yaba wa waɗanda suka ɗora kundin a intanet shi ne ba su ɓoye ko ɗaya ba. Da ma an ce rana ba ta ƙarya. Wanda ya shiga da tsoron cewa akwai wani abu da aka ɓoye masa zai tarar da kome a fili, har da bayanin kwafin da mai gyara ya gwada aikin da shi. A ƙarshen littafin Esta akwai rubutun wani da ya ce ya gwada aikin da wani tsohon kwafi da Famfilus ya gyara da hannunsa yana kurkuku. Famfilus ɗin nan malamin Yusibiyus ne, an kashe shi a tsanantawar da Sarki Diyokiletiyan ya soma a 303, wadda a cikinta aka ba da umarnin a ƙone littattafan Kirista. Ashe dai an ƙone littattafai masu tsarki, sai dai masu ƙonewar maƙiyan ikkilisiya ne, kafin zamanin Kustantin. Wannan na mayar wa yarinyar da shi a mako na gaba.

Amma babban abin da ya canja yadda nake koyarwa yana can ƙarshen kundin. Jerin littattafan ma ba irin namu ba ne: bayan Bisharu huɗu sai wasiƙun Bulus, da Ibraniyawa a tsakiyarsu bayan Tasalonikawa ta biyu, sannan Ayyukan Manzanni ya biyo. Ka kai Wahayin Yahaya kana zaton an gama, sai ga wasu littattafai biyu, Wasiƙar Barnaba da Makiyayin Harmas, da irin tawada ɗaya, a irin fata ɗaya.

Na nemi fassararsu na karanta. Harmas bawa ne da aka sayar a Roma, ya ga wahayin wata tsohuwa wadda ita ce ikkilisiya, da wata hasumiya da ake ginawa a kan ruwa, ana zaɓen duwatsu ana yar da waɗansu. Damuwarsa ita ce wadda nake ji daga bakin 'yan ajina kowace shekara: in mutum ya yi zunubi bayan baftisma, akwai sauran tuba? Na gane dalilin da ya sa Kiristocin farko suka ƙaunace shi. Barnaba kuwa mai tafsiri ne da ke ganin Almasihu a kowane lungu na Tsohon Alkawari, har a mutum 318 na gidan Ibrahim, domin a lissafin haruffan Helenanci 18 shi ne farkon sunan Yesu, 300 kuma harafi ne mai siffar gicciye. Wayo ne mai daɗi, amma da ka ajiye shi kusa da wasiƙar Romawa za ka ji bambancin nauyi. Kuma a kula, wannan wasiƙa ba ita ce Linjilar Barnaba da ake yawan ambata a muhawarorinmu na nan Arewa ba. Waccan da Italiyanci da Sifaniyanci aka same ta, kuma kwafinta sun zo ne fiye da shekara dubu bayan wannan kundi. Wani abokina tela, Musulmi mai son karatu, ya zauna kusa da ni muka duba tare, muka rabu kowa da fahimtarsa amma mun yarda cewa littattafai biyu ne daban.

To me ya kawo su cikin kundin? Amsar ita ce a lokacin gefen jerin littattafan Sabon Alkawari bai gama rufuwa ba, ko da yake tsakiyarsa ta daɗe da kafuwa. Tun wajen 144 wani mai suna Markiyon ya fito a Roma da nasa jerin, Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus goma, ya yar da Tsohon Alkawari duka, ikkilisiya ta ƙi shi. Wajen 180 Iraniyus, bishop na Liyon, yana cewa Bishara huɗu ce, ba ƙari ba ragi. Da aka zo kan Yusibiyus a farkon ƙarni na huɗu, sai ya kasa littattafan kashi-kashi: waɗanda kowa ya karɓa, waɗanda ake gardama a kansu irin su Yakubu da Yahuza da Bitrus ta biyu da Yahaya ta biyu da ta uku, da waɗanda ba a lissafa da na manzanni ba, inda ya sa Barnaba da Harmas. Sai a 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta wasiƙarsa ta Ista da sunayen littattafai 27 daidai yadda muke da su, ya kuma ce Harmas yana da amfani ga masu shirin shiga bangaskiya amma ba ya cikin jerin. Tarukan Hifo a 393 da Kartaj a 397 suka bi wannan sahu. Ina son in ja hankalin 'yan ajina ga taswira a nan: Masar, Aljeriya, Tunisiya. Duk a Afirka aka yi wannan magana. Kuma ko bayan haka ba ko'ina aka daidaita rana ɗaya ba, domin tsohuwar fassarar Suriyanci littattafai 22 ta ɗauka, ikkilisiyar Habasha kuma har yau jerinta ya fi namu faɗi.

Da can nakan ba da wannan tarihi a jimla biyu in wuce, don ina gudun kada in girgiza yara. Yanzu ina ganin gudun ne ya fi cutar da su, domin abin da ban faɗa musu a aji ba za su ji shi a waje, a karkace. Ikkilisiyoyi sun yi ƙarnuka suna karanta waɗannan rubuce-rubuce a sujada, suna tambayar wanne ne ya fito daga manzanni, wanne ne ya yi daidai da abin da aka karɓa, wanne ne ake karantawa ko'ina. Ni na gaskata Ruhu Mai Tsarki ya bi da su a cikin wannan doguwar hanya, kuma ganin sawun ƙafarsu a kan fata bai rage mini kome ba.

Sai dai kowa ya san abin da zai tarar. Wannan shafi kundi ne, ba malami ba. Bayaninsa da Turanci da Jamusanci da Helenanci da Rashanci ne, fassarar nassin kuma ba a kowane wuri take ba, don haka ka riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa a ɗaya hannun kana bin aya da aya. Tarihin yadda aka tsai da jerin littattafai ma sai ka zo da shi daga wani wuri. Kusan rabin Tsohon Alkawari na kundin ya ɓace tun da daɗewa, musamman farkonsa, ko da yake za ka ga Tobit da Judit da Makabiyawa da Hikima da Sirak, abin da zai faranta wa 'yan'uwanmu Katolika rai. Hotunan manya ne, wayata kuwa ƙarama ce, shi ya sa ranar da na kai shi aji sai da na aro kwamfutar sakataren majami'a, na kuma buɗe shafukan tun da dare don kada intanet ɗin unguwarmu ya ba mu kunya.

Ga fastoci da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki da malaman aji, ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba. Ga sabon tuba, ya fi kyau ya shiga tare da wanda ya riga shi. Yarinyar nan da ta yi tambaya ita ta riƙe linzamin kwamfutar a ranar, ta kai mu ƙarshen Wahayi, ta ga Barnaba ya fara a ginshiƙi na gaba, ta ce, "Baba Malam, ashe ba a ƙone shi ba." Asabar mai zuwa za mu buɗe Yahaya sura 21, inda magatakardan ya rufe littafin a aya 24, sannan ya wanke abin da ya rubuta ya ƙara aya ta 25.