Filin netbol na ƴan mata a unguwarmu: abin da na gani a shekarar ambaliya

Ni tela ne, shagona yana Zango a nan Damagaram. Ƴata ta uku ta shekara biyu tana zuwa wurin da ake koya wa ƴan mata wasan netbol a bayan wata makarantar firamare ta unguwarmu. Iyaye da yawa kan tsaya bakin shago su tambaye ni ko su sa nasu, ni kuma ina kan keke ba na samun sukunin yi musu bayani yadda ya kamata. Shi ya sa na zauna na rubuta. Tun da wuri in faɗa muku, ni na ɗinka wa yaran rigunan wasa, an kuma biya ni kuɗin aikina. Wannan ba zai hana ni faɗin inda wurin ya gaza ba.

Wanda ya ji ana ce wa wurin cibiyar wasa zai zaci gini ne. Fili ne kawai na ƙasa mai ɗan tauri, da katanga ta ɓangare uku, da ƙarafa biyu da wani mai walda ya haɗa, kowane an dasa gindinsa cikin tsohuwar tayar mota da aka cika da siminti. Mace ɗaya ce ke riƙe da wurin, kowa Malama yake ce mata, sai wata budurwa da ke taimaka mata. A Yuganda ta yi karatu, a Jami'ar Musulunci ta Mbale, wadda take ƴar'uwar tamu ta Say, can ta koyi wasan. Ana zuwa Laraba da Asabar bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Kuɗin wata jika ɗaya ne, in yara biyu ne daga gida ɗaya ta kan rage.

A garinmu kokowa da ƙwallon ƙafa aka sani, don haka bari in ɗan kwatanta wasan. Ɗan'uwan ƙwallon kwando ne, daga gare shi ma ya samo asali a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare. An raba filin gida uku, kowace yarinya da iyakar inda za ta taka, harufan da ke ƙirjin rigarta su ke nuna matsayinta. Na san su sarai tunda ni na yanka su ɗaya bayan ɗaya: GS, GA, WA, C, WD, GD, GK. Biyu kaɗai ke da izinin jefa ƙwallo cikin zobe, su ma sai daga cikin rabin da'irar da ke gindin ƙarfen. Zoben yana sama da mita 3 da ƴan kai, babu allo a bayansa. Ba a gudu da ƙwallo, ba a tafiya ana buga shi a ƙasa, ba a riƙe shi fiye da daƙiƙa 3. Mai tare ki dole ta ja da baya kusan mita guda, ba ture, ba riƙo.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta sa na yarda. Da farko na ƙi, don ba na son a riƙa kokowa da ƴata a bainar jama'a. Uwarta ce ta ce in je in gani da idona. Na je na tarar da yara cikin dogon wando da riga mai rufe gwiwa da ɗan ƙaramin hijabi, babu namiji ko ɗaya a filin sai tsohon mai gadi a bakin ƙofa. Na kuma lura wasan ya dace da ƙasarmu. Tunda ba a buga ƙwallon a ƙasa, ba sai an yi daɓen siminti ba, toka ko farar ƙasa ta isa a ja layi.

Shekarar farko lafiya lau aka yi ta. Ta biyun ce nake son in yi magana a kanta, don a nan na san irin mutanen da na ba amanar ƴata.

Duk wanda yake Damagaram a damanar 2024 ba zai manta ba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda kakanninmu suka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Mutane sun tsaya suna kallo suna hawaye. Idan ruwa ya kayar da wannan, ina katangar filin yara? Ɓangare guda ya kwanta gaba ɗaya, ruwa ya yanki kwari ta tsakiyar filin, zurfinsa ya kai gwiwata, ƙarfe ɗaya ya karkace. Azuzuwan makarantar kuma aka zuba iyalan da gidajensu suka faɗi, tsakar filin ta zama wurin girki da shanya. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta a duk ƙasar daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Ba wanda yake da bakin cewa a tashi mutanen da suka rasa matsuguni don yara su yi wasa, Malama ma ba ta taɓa furta haka ba.

Ni na riga na biya kuɗin wata uku gaba ɗaya tun watan Agusta, lokacin da na samu ɗan ciniki. Raina ya riga ya ba ni cewa kuɗin sun tafi, ban kuma yi niyyar tambaya ba. Wata safiya sai ga Malama a shago da kayenta mai shuɗin bango. Bayan mun gaisa ta buɗe ta nuna mini sunan ƴata da jika uku a gabansa. Ta ce, "Malam, wata biyu ke nan ba mu yi wa yarinya komai ba. Ko in mayar maka da kuɗinka yau, ko in ɗaga su zuwa lokacin da muka koma, zaɓi naka ne." Na ce ta bar su ta gyara fili. Ta ce a'a, kuɗin gyara daban, za ta kira iyaye a yi maganarsa a fili, waɗannan na horo ne. Ta ja layi da biro, ta rubuta kwanan wata, ta miƙo mini in sa hannu. Daga baya na ji gida-gida ta bi haka, har waɗanda suka biya rabin wata. Wasu sun karɓi nasu saboda halin da ake ciki, ba ta ɓata fuska ba, yaransu kuma ba ta kore su ba.

Abu na biyu da ya burge ni, ba ta bar yaran sun watse ba. Wata Hajiya a unguwar ta ba da aron wani kangonta mai ƙofa, faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na filin gaske ba. Aka ɗauko ƙarfen da ya tsira a amalanke aka kafa a can. Tunda wurin ba ya ɗaukar wasa cikakke, sai ta raba su rukuni uku, kowane da lokacinsa, kyauta. Makonni suka yi ba abin da ake koya musu sai tsayuwa. Wata rana na je ɗauko ƴata na tsaya daga zaure ina kallo. Za a jefo mata ƙwallo ta yi tsalle ta cafe, ƙafar da ta fara sauka a kanta dole ta kafe kamar an buga ƙusa, ɗayar ce za ta riƙa juyawa da ita tana neman wadda za ta miƙa wa. Ta kuskure ta ja ƙafar, usur ya tashi, a sake. Sau goma sha ɗaya na ƙirga. A na ƙarshe ta sauka daram, ta juya, ta saki ƙwallo kafin Malama ta kai uku a ƙirga. Ba wanda ya yi tafi, Malama ta ce "haka" kawai, amma na ga yadda yarinyar ta ɗaga kai. A gida kuwa har yanzu in tana miƙa wa uwarta kwano sai ka ga ta juya a kan ƙafa ɗaya.

Ranar da iska ta yi yawa sukan zauna a tabarma ta nuna musu wasanni a salularta. Daga nan ƴata ta dawo tana ba ni labarin gasar cin kofin duniya da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2023, karo na farko a nahiyarmu, yadda Ostareliya ta doke Ingila a wasan ƙarshe, Yuganda ta zo ta biyar. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Matamai ba ta san yau akwai mata baƙar fata irinta da duniya ke kallon wasansu.

Sai cikin sanyi aka koma filin asali, bayan iyalan sun tashi. Iyaye muka haɗa kuɗi, aka kawo jar ƙasa aka cike kwarin, samarin unguwa suka daddaɓe. Katangar kuwa kuɗi bai kai ba, zana aka kafa. Malama ta karanta mana abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban kowa, har kuɗin shayin masu aiki.

To, yanzu inda wurin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Babu ruwa. Na san matsalar ruwa a Damagaram ta girmi Malama, duk mun saba da jiran ƴan garuwa. Amma wurin da yara fiye da ashirin ke gudu bai kamata a ce kowa ta zo da gorarta shi ke nan ba. Wadda gidansu ba a samu ruwa ba ranar fa? Randa ɗaya da jarka biyu ba za su gagara ba. Inuwa ma babu, sai bedi guda a can gefe. Da azumi ya kama a farkon Maris na 2025 an dakatar da horo, wannan daidai ne. Amma bayan salla aka koma a tsakiyar zafin Afrilu a kan lokacin da aka saba, alhali ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Sai da yarinya guda jiri ya ɗebe ta kafin a matsar da lokacin zuwa ƙarfe biyar da rabi. Bai kamata a jira hakan ba.

Sanarwa ma tana zuwa a makare. Duk saƙo ta WhatsApp ake turawa, ba kowace uwa ke da babbar salula ba, masu ita ma in an ɗauke wuta shi ke nan. A kwanakin da aka yi ƙarancin esansi a ƙasar cikin watan Maris, kuɗin kabu-kabu ya tashi, akwai yaran Garin Malam da Sabon Gari da aka biya musu kuɗin zuwa taron da aka kira na rabon riguna, suka tarar da ƙofa a rufe, an ɗaga tun safe ba su ji ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan asara ce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ƴata ta gurɗe. Ta sauka daidai inda aka cike kwarin, ƙasar ta lotsa, idon sawunta ya juya. Babu akwatin magani a wurin, ko bandeji babu. Mataimakiyar ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata, aka aika yaro neman ƙanƙara, aka goyo ta a babur zuwa shagona. Tana shigowa ta ce, "Baba, kar ka hana ni komawa." Ƙafar ta kumbura kamar an hura. Mako uku ta yi a gida. Malama ta zo dubiya sau biyu, ta ba da haƙuri, ni kuma na faɗa mata gaskiya a gaban uwar yarinyar. Na ce, "Malama, amanarki a kan kuɗi ba mu da ta cewa. Amma jikin yaran nan ma amana ne." Ba ta kare kanta ba. Asabar ɗin da ta biyo baya akwai akwati a gindin bedin, ta kuma sa aka sake daɓe wurin. Na yaba, sai dai na so a ce tun ranar da aka buɗe filin akwatin yana nan.

Akwai kuma abin da ba laifinta ba ne amma ya kamata iyaye su sani. Yaran ba su da abokan karawa, su ya su suke bugawa. Wanda yake son ƴarsa ta ci kofi ko ta yi tafiye-tafiye, ya kai ta ƙwallon hannu ko na kwando. A ƙarshen shekarar, kafin manyan cikinsu su shiga shirin jarrabawar BEPC, an raba su gida biyu, masu kore da masu rawaya, aka gayyaci iyaye mata da mu ƙalilan daga cikin maza. An buga zango huɗu, amma ta rage kowane daga minti 15 zuwa 10 saboda zafi. Ƴata tana tsakiya da harafin C, ita ke kai ƙwallo ko'ina ban da cikin da'ira. Ɓangarensu bai yi nasara ba. Ban ga ta ja ƙafa ko sau ɗaya ba.

Ga mai tambayata, amsata ita ce a kai yarinya, musamman mai shekara 10 zuwa 15 da ba ta da wurin motsa jiki sai tsakar gida. A ba ta gorar ruwa babba da takalmi mai rufe ƙafa, ban da silifa. A karɓi lambar wata uwa da ke kusa da filin, a riƙa tambaya kafin a biya kuɗin kabu-kabu. In an kira taron iyaye a je, don a nan ake yanke komai. Ni na sake rubuta sunan tawa, ƙanwarta ma za ta fara in an koma. A taro mai zuwa maganar randa da rumfa zan tayar, na riga na yi wa wani mai sayar da tamfol a kasuwar Dole magana ya ba ni farashi.